Hanyar Baturiya: Tsuntsaye, Kacala da Ruwan da Ya Ƙi Janyewa

Duk shekara in sanyi ya kankama, cikin watan Janairu, akan ƙidaya tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda. Tun 1967 ake wannan aiki. Dalilin zaɓen watan shi ne a lokacin masu ƙaura sun gama tafiya sun yada zango, saboda haka ba za a ƙirga gungu ɗaya a nan, gobe a sake ƙirga shi a wata ƙasa ba. Mu namu rabon shi ne fadamar da ta miƙe daga Haɗejiya zuwa Nguru. Aikina kula da muhalli ne, amma mafi yawan shekarata a kan tebur take ƙarewa, daga rahoto sai taro sai bin sa hannu. Da aka ce bana ni zan ja masu zuwa Baturiya, wani yanki na wannan fadama, ban jira an maimaita ba.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, ni da direba da wani matashi mai bautar ƙasa a ofishinmu. Hazo ya rufe hanya tun daga Gezawa, ba ka hangen komai sai fitilar motar da ke tahowa. A Gujungu muka tsaya shan shayi. Ina riƙe da kofi amma idona na kan motocin itace da ke wucewa, sun nufi Kano, an lafta musu kaya har sun karkace. Mai irin aikina ba ya iya ganin motar itace ya kau da kai, sai ya duba kaurin guntayen ya gane ko busasshen reshe ne aka tsinto ko kuwa ɗanyen icce aka kayar. Waɗannan ɗanyu ne, sarar gatari fes a jikinsu.

“Yallaɓai,” in ji direba, “in ka ce sai ka ƙirga su, kafin mu kai Haɗejiya hawan jini ya kama ka. Sha shayinka.”

Haɗejiya tun kafin ka ga kasuwar kifi hancinka zai gaya maka ka iso. Tarwaɗa ce aka lanƙwasa aka yi banda, ana jera ta cikin kwali ana ɗaurewa, za a yi kudu da ita. Ga buhunan shinkafa shanshera a bakin injina. Duk wannan arziki daga ruwa ɗaya yake fitowa, ruwan da muka zo dubawa. Muka sayi burodi da ruwan leda da man mota a jarka, muka bar kwalta muka shiga rairayi.

Wanda bai san ƙasar ba zai yi mamakin yadda aka yi irin wannan dausayi ya samu a wurin da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ruwan ba na nan ba ne, baƙo ne. Kogin Kano da kogin Calawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma kogin Jama’are daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi. Da suka iso nan sai suka tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin rairayi a jere, ba gangare, ba hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Sai ruwan ya rarrabu, ya bi tsakanin jigayin, ya malale, ya cika tafkuna. Abin da ya tsira ya sake haɗuwa a wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Baturiya na cikin wannan malalen, a ƙaramar hukumar Kirikasamma. A 2008 aka sa ta cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, kuma faɗin da aka rubuta mata ya haura hekta 100,000. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da ita gandun daji na ƙasa, tare da Falgore ta Kano da wasu takwas. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa mutane ne a ciki da kewaye, da gonakinsu da shanunsu da komarsu, kuma sun riga takardar zuwa.

Shi ya sa ba a shiga daji kafin a shiga zaure. Wani mai gadin daji da ya tarye mu a kan babur ya kai mu wurin Bulaman ƙauyen da za mu sauka. Muka tuɓe takalma muka durƙusa.

“Ranka ya daɗe, mun zo ne aikin tsuntsaye, kamar yadda aka saba.”

“Madalla, sannunku da hanya. Tsuntsaye suna nan, Malam, ba abin da ya same su. Mu ne dai ba a zo ƙirgawa ba.”

Aka yi dariya, har da shi. Amma na san ba wasa yake ba, kuma irin wannan magana na sha jin ta a ƙauyukan fadama. Mutum ya ga mota ta taso daga birni saboda agwagwa, alhali shi gonarsa ta shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa ba wanda ya zo ya tambaye shi, dole ya yi magana. Na ce masa in mun gama da tsuntsaye ina so a kai ni in ga gonakin. Ya dube ni jim kaɗan, sannan ya sa aka kira wani dattijo masunci, ya ce gobe shi zai ɗauke mu a jirginsa.

Ƙidaya da sanyin safiya ake yin ta, kafin iska ta tashi kuma kafin masu shanu su kore tsuntsayen. Muka kafa na’urar hangen nesa a kan wani tudu a gindin giyayya, yatsunmu sun ƙage don sanyi. Da hazo ya ɗan yaye sai tafkin ya bayyana, baƙi ƙirin da tsuntsaye daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kirinjijiya ce ta fi yawa a kusa, da farar fuskarta da wannan fito nata da ba ya ƙarewa. Can baya ga ɗinya, manya, suna tafe a cikin bado. Zalɓe na tsaye shi kaɗai ba ya ko motsi, jinjimi na caccakar laka, balbela kuwa ba a maganarta. Shamuwa babu ko ɗaya, ita sai da damina, yanzu tana can kudancin Afirka.

Baƙin su ne suka kawo mu. Akwai wata ’yar ƙaramar agwagwa, namijin da farin layi a saman ido kamar an ja masa da alli, wadda a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa. Akwai wasu masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa-ƙasa, da ke bin gefen laka da tsofaffin gonakin shinkafa suna tsintar abin da ya zube, su ma daga can arewacin duniya suke. Duk sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara, kuma bayan hamada irin wannan fadama ce wuri na farko da za su sami ruwa da abinci. In ta lalace, ba mu kaɗai za mu ji a jika ba.

Matashin nan ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, na dakatar da shi. Ba a yi wa dubban tsuntsaye haka, kafin ka kai ɗari sun tashi. Sai ka ƙirga goma a tsanake, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, ka ninka shi ya zama hamsin ko ɗari, sannan ka riƙa aza wannan ma’auni a kan gungun daga hagu zuwa dama. Mutum biyu ke yi, kowa da nasa, ba mai faɗa wa wani sai an gama. In lissafin ya yi kusa a raba tsakani, in ya yi nisa a sake. Muna cikin zagaye na biyu wata shirwa ta ratso, tafkin ya tashi gaba ɗaya. Muka zauna jiran su sauka, yaron yana tsaki, mai gadin daji yana yi masa dariya.

Da hantsi dattijon ya iso da kwalekwalensa. Ba matuƙi a hannunsa sai doguwar sanda, don ruwan ba zurfi. Mun ɗan yi tafiya a fili, muka wuce wani shinge na tarkunan mali da aka jera suka tare mashigar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, irin wanda ake kira dumba. Ya ga ina kallo, ya ce ba nasa ba ne, ban kuma tambaye shi na wane ne ba. Daga nan sai bango ya tare mu. Kacala ce, wata doguwar ciyawar ruwa, kore shar, ta fi tsayin mutum ko da ya ɗaga hannu, a cunkushe, ba ka ganin taku biyu a cikinta. Wata ’yar siririyar hanya aka sara, daidai faɗin jirgi, muka kutsa. Ganye na goga mana fuska, sauro ya taso da rana tsaka, iska ta ɗauke.

“Nan da muke, ɗana, gonar mahaifina ce,” in ji shi. “Shinkafa muke yi da damina. In ruwa ya ja mu bi danshi mu sa wake. In mun cire wake Fulani su shigo da shanu su ci harawa su bar mana taki. Kafin ruwa ya dawo ƙasa ta tsattsage, kana iya sa ƙafarka a ciki.”

“Baba, yaushe rabon da ta bushe?”

“Yaran da aka haifa bayan bushewarta ta ƙarshe, yanzu su ma da ’ya’yansu.”

Na sa hannu na kamo ganye ɗaya na yanke da wuƙa, na miƙa wa matashin. In ka duba bakin yankan za ka ga cikinsa ba a toshe yake ba, ’yan ɗakuna ne ƙanana birjik, farare, kamar soso. Ta nan take shaƙar iska ta tura ta ƙasa zuwa saiwar da ke kwance cikin laka, inda babu iska ko kaɗan. Dattijon ya zura sandarsa ya banƙaro saiwar, fara, mai kaurin babban yatsa, tana tafiya a kwance tana fitar da sabon tsiro a kowace gaɓa. Kan nan nata mai ruwan ƙasa kuma, in ya bushe ya fashe, iri ne dubbai masu gashi da iska ke kwasa. Wato ta ƙasa tana yaɗuwa, ta sama tana yaɗuwa. Shi ya sa ƙona ta ba ya kashe ta, wuta ta cinye sama, saiwa na nan lafiya, bayan ’yan makonni ta fito ta fi da kyau. Abu biyu ke karya ta. Ko a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwan zai shiga ramukan ya shaƙe saiwar, a kuma maimaita in ta sake leƙowa, ko kuwa ƙasar ta bushe ƙayau na tsawon watanni.

Na biyun nan shi ne abin da fadama take yi wa kanta da kanta tun fil azal, ba da kuɗin kowa ba. Kacala ba baƙuwa ba ce, da ma akwai ta a bakin tafkunan da ba sa ƙafewa, amma rani na hana ta wuce iyakarta. Abin da ya canza yana can sama, nesa da nan. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa a ƙasar Ƙaraye. Kafin su, kogin Haɗejiya kan cika ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, ya yi ta raguwa, da bazara ya tsaya. Bayan su sai abin ya juye: babbar ambaliyar damina, wadda ke wanke hanyoyin ruwa ta kai shi nesa, ta ragu saboda ana tare ta, da rani kuma ana sakin ruwa ba yankewa. Ruwa kaɗan, mara ƙarfi, mara zurfi, shekara zagaye. Da za a tambayi kacala abin da take so, da abin da za ta roƙa ke nan.

Da ta cika hanya sai ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, hanyar ta ƙara cikewa, kacala ta ƙara samun wurin zama. Ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya nemi wata. Haka aka wayi gari mashigar Marma, wadda ke zuwa tafkin Nguru, tana kwasar ruwa fiye da kima tana shanye gonaki da garuruwa, mashigar Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin kuwa suna kukan rashi. A yanki ɗaya, wani na kuka ruwa ya cinye shi, wani tafiyar yini kaɗan daga nan na kuka bai ga ruwa ba. Mutanen birni in sun ji ambaliya a Jigawa, irin ta 2022 da ta yi ɓarna mai yawa, sukan ce ruwan sama ne ya yi yawa, ko an buɗe dam. Akwai wannan, amma a nan ƙasa akwai kuma kogin da ya toshe.

Ba na cikin masu cewa da ma ba a gina madatsun ba. Birnin Kano daga wannan ruwa yake sha. Manoman Kadawa da Kura da na wajen Auyo da shi suke noman rani, tumatir da shinkafa da alkamar da muke ci. Ba wanda zai je ya ce musu a rufe. Amma an daɗe da yin bincike a kan wannan fadama, tun aikin kiyaye ta da aka fara a 1987, kuma masana sun nuna cewa in aka haɗa kifi da shinkafa da kiwo da itace da kaba, abin da ruwa ke samarwa a nan ya fi abin da daidai shi ke samarwa a manyan gonakin ban ruwa na sama. Ba su tsaya nan ba, sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina don a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage shi sosai na wani lokaci da rani. Maganar ba sabuwa ba ce. Wahalarta ita ce kogin ya ratsa jihohi shida, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, kowa da buƙatarsa, kuma wanda ke sama ba ya jin kukan na ƙasa. Kogin Jama’are ne ya rage ba babbar madatsa a kansa, shi ke riƙe da abin da ya saura na ambaliyar gaskiya. Duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kansa, mutanen Yobe da Borno ba sa barci.

Da yamma muka koma zauren Bulama, aka taru. Nan ne ainihin aikin, ba a gindin na’ura ba. Wani Arɗo ya ce burtalin da suke bi zuwa mashaya an noma shi, an kafa injin ban ruwa a tsakiyarsa. Mai gonar ya miƙe ya ce shi ma ba da son ransa ya hau tudu ba, tasa gonar na cikin kacala. Mai gadin daji ya kawo ƙarar masu saran giyayya da bagaruwa a cikin gandu. Wani ya amsa masa daga baya cewa da kifi na kamuwa kamar da, wa zai ɗauki gatari. Na zauna ina rubutu, ina lura da cewa kowace ƙara in ka bi ta a hankali sai ta kai ka bakin ruwan nan da ya ƙi janyewa. Manomi ya rasa fadama ya hau burtali, makiyayi ya rasa burtali ya shiga gandu, masunci ya rasa tafki ya zama mai itace. A ofis kowanne da fayil ɗinsa daban, har da ma’aikatarsa daban.

Ban yi musu alkawarin komai ba, don ba ni da mabuɗin dam a aljihu. Abin da ke hannuna kaɗan ne, na kuma faɗa musu shi: in rubuta abin da na gani da sunan wuri da ma’auninsa, in nemi a ba su kayan aiki, in kuma yi ƙoƙari a sa wakilinsu a zaman da ake yi kan rabon ruwa. Game da saran itace kuwa na ce doka na nan, ba zan ce babu ita ba, amma busasshen reshe da kaba da ’ya’yan goruba ba wanda zai hana su ɗiba. Wani tsoho ya ce an sha faɗa musu haka. Na ce gaskiya ne.

Ana gab da magariba sai yara suka fara ihu a bayan gari. Muka fito. Jan baki ne ke dawowa kwana, gungu bayan gungu, suna murɗawa a sama suna zubowa cikin kacala, ƙararsu ta cika wurin. Ba su cikin takardar ƙidayarmu, ba tsuntsayen ruwa ba ne, amma su ne tsuntsayen da mutanen nan suka fi sani. Kacala ta ba su masaukin da ba mai iya shiga, ga ruwa a ƙasa, ga gonakin shinkafa da alkama a kusa. In amfani ya fara nuna, yara ba sa zuwa makaranta, suna gona tun asuba da gwangwanaye a igiya. In abin ya yi tsanani a turo jirgin sama ya yi feshi, maganin kuma ba ya tambayar sunan tsuntsu. Ga sauro, ga ƙananan katantanwa masu kawo tsargiya. Mai ba da magani a ƙauyen ya ce mini fitsarin jini a wurin yara maza har an daina ɗaukarsa ciwo.

Kafin mu taso dattijon ya sake ɗaukata, ni kaɗai, ya kai ni wani wuri da matasan ƙauyuka uku suka yi gayya bara. Sun shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, da tsutsar ruwa mai shan jini da macizai da komai, suka yanke kacalar a ƙasa, suka ja ta gaɓa. Hanya ta buɗe mai faɗin jirgi huɗu, ruwa na gudu a cikinta har kana jin sanda na rawa. Ya ce makon da aka buɗe ta ruwa ya sauka daga wasu gonaki, karfasa kuma ta dawo. Na san akwai manyan injina masu tafiya a kan ruwa da ake kawowa yanzu suna yashe kogi, suna kuma yin aikin wata guda a yini ɗaya. Amma inji ba ya shiga irin waɗannan ƙananan hanyoyi, kuma in ya wuce ba ya dawowa da wuri. A gefen hanyar na ga sababbin tsiro sun fara leƙowa, tsawon taƙi ɗaya.

Na ɗauki ma’aunin wurin da na’ura, na auna faɗi da zurfi, na kafa turke a gaɓa don wanda zai zo baɗi ya san inda aka tsaya. Na tambaye shi me suka fi buƙata kafin zagaye na biyu.

“Lauje, da takalman roba masu tsawo, da jirgi ko biyu na kwashe ciyawa. Sai abincin masu gayya. Amma ka gaya musu kafin watan azumi muke so, Malam, don ba mai shiga ruwan nan da ƙishirwa.”

Na rubuta a bayan takardar ƙidaya, ƙarƙashin lissafin kirinjijiya. A hanyar komowa motarmu ta kafe a rairayi kafin mu kai kwalta, sai da wasu masu amalanke suka kwance shanunsu suka ja mu.